Dungeness: Gaɓar Tsakuwa da Asun da Ke Cin Gawa

Duk wanda ya taɓa buɗe adaka bayan wucewar damina ya tarar bargonsa na ulu ya koma rariya, ya san asu, ko da bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Iyakar saninmu da shi ɓarna ce, maganinsa kuma kafur da shanya a rana. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba. Ɗan Adam bai wuce 'yan dubban shekaru da fara saƙa ulu ba, alhali dangin asu sun riga shi zuwa duniya da miliyoyin shekaru. To, kafin a ƙera adaka, kafin a saƙa bargo, me wannan ƙwaro yake ci? Amsar ita ce gawa. Ba namanta ba, a'a, abin da ya saura bayan kowa ya ci ya tashi: gashin dabba, da gashin tsuntsu, da busasshiyar fata, da ƙaho, da kofato. Bargonmu, a wurin asu, gawar tunkiya ce da aka ninke aka ajiye masa a wuri mai duhu.

Wurin da na ga wannan al'amari da idona shi ne Dungeness, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku a gundumar Kent, kudu maso gabashin Ingila, yana fuskantar Faransa. Wani aikin bincike ne ya kai ni wata jami'a a yankin cikin watan Yuli, na ware kwana biyu na tafi can. Hanya mafi daɗi ita ce ta wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai tururi da faɗin layinsa bai wuce inci 15 ba. An buɗe layin a 1927, ya iso Dungeness a 1928, har yau kuma yana aiki, fasinja na zaune a duƙe kamar wanda ya shiga akurki. Idan jirgin ya baro filayen kiwon tumaki na Romney, sai ƙasa ta ƙare, tsakuwa ta fara. Babu yashi, babu laka, babu inuwa. Duwatsu ne ƙanana masu sulɓi, kamar waɗanda yara ke carabke da su, shimfiɗe iya ganin ido, a jere kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Kowace kunya tsohon bakin teku ce: igiyar ruwa ta tara ta, sannan ta ja gaba ta tara wata. Wannan fili na cikin shimfiɗun tsakuwa mafi girma a duk Turai.

Masu tallar yawon buɗe ido sun daɗe suna kiran wurin hamada ɗaya tilo ta Birtaniya, har sai da hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta fito a 2015 ta ce ba haka ba ne, ruwan saman da ke sauka a nan ya zarce ma'aunin hamada nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa wuce Zinder ya nufi arewa ba ya buƙatar hukuma ta faɗa masa. Amma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa; ana gama ruwan sama ya tsiyaye, iskar teku mai gishiri ta busar da sauran. Duk da haka an ƙidaya tsirrai kusan iri 600 a nan, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na duk tsirran da ke Birtaniya. Gidajen wurin 'yan ƙanana ne na katako, warwatse ba katanga ba shinge, wasunsu tsofaffin taragon jirgin ƙasa ne da aka jawo aka mayar ɗakuna. Akwai hasumiyar fitilar jagorar jiragen ruwa guda biyu, tsohuwa ta 1904 da sabuwa ta 1961. A bayansu kuma, kamar duwatsu biyu da aka dasa, tashoshin nukiliya ne. Ta farko ta fara ba da lantarki a 1965 ta tsaya a ƙarshen 2006. Ta biyu ta fara a 1983, aka sanar da rufe ta a watan Yunin 2021.

Masu sha'awar tsuntsaye sun san Dungeness tun da daɗewa, domin tun 1952 akwai cibiyar lura da tsuntsaye masu ƙaura a wurin. Masu sha'awar malam-buɗe-littafin dare su ma sun san shi. Akwai wani kore mai kyau da tsutsarsa ke cin karas ɗin daji, wanda Dungeness ce babbar matattararsa a Birtaniya, yana hayayyafa har a gindin shingen tashar nukiliya. Shi ne tauraron wurin, shi ake zuwa ɗauka hoto. Ni ba shi ya fi ɗaukar hankalina ba.

Wanda ya yi mini jagora wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ya shafe shekaru yana kunna tarkon fitila a bayan gidansa. Tarkon ba wani abin a zo a gani ba ne: akwati, da ƙwan fitila mai haske a samansa, da mazurari, da kiret-kiret na ƙwai a ciki inda ƙwarin ke laɓewa. Da sassafe yake buɗewa, ya duba, ya rubuta, ya sake su. A Birtaniya akwai irin waɗannan ƙwari na dare kusan iri 2,500. Wajen 900 manya ne, sauran wajen 1,600 ƙanana ne da yawancin masu tarko ba sa ɓata lokaci a kansu, domin wasu ba a bambance su sai an feɗe an duba al'aurarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Dattijon na cikin 'yan tsirarun da ba sa tsallake su. Ya nuna mini wani ɗan mitsitsi a kusurwar kiret, bai fi ƙwayar shinkafa tsawo ba, baƙi-baƙi, da zane mai launin ƙasa-ƙasa a gadon bayansa, kansa da tuntun gashi ruwan ɗorawa. Ya sa shi a ƙaramar kwalba ya ɗaga wa rana, ya ce in duba tsakiyar fiffiken. Akwai wani ɗan ɗigo da haske ke ratsawa, kamar taga. Wannan taga ita ce alamar dangin da masana ke kira Monopis, sunan da aka ɗauko daga Girkanci mai nufin mai ido ɗaya. Wanda ke cikin kwalbar shi ne Monopis crocicapitella, wanda a Birtaniya aka fi saninsa a yankunan gaɓar teku. Yana da ɗan'uwa, Monopis imella, shi ma ɗan bakin teku, wanda ya fi shi wuyar gani. Akwai kuma na ukunsu da ya bazu ko'ina a ƙasar, Monopis laevigella, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da asun fata. Dukansu 'yan gida ɗaya ne da asun adakarmu, gidan Tineidae.

Daga nan muka gangara bakin ruwa. Tafiya a kan tsakuwa wahala ce, taku biyu gaba ɗaya baya, ga ƙara kamar ana tauna aya. A can saman inda igiyar ruwa ke kaiwa idan teku ya yi fushi, akwai wani dogon layi na tarkace: busasshiyar ciyawar teku, da guntayen igiya, da robobi, da ɓawon kaguwa, da gawarwakin tsuntsaye. Dattijon ya wuce wata sabuwar gawa da ƙudaje ke yi wa rubdugu bai ko kalle ta ba. Wadda ya tsaya a kanta tsohuwa ce, ta wani farin tsuntsun teku, ta bushe ƙayau, ba wari, sai ƙashi da fukafukai. Ya sa safar hannu ya juya ta a hankali. A ƙarƙashi, inda rana ba ta kaiwa, gashin ya manne da juna da wani farin zare kamar yanar gizo, an yi hanyoyi a ciki, ga ɓarɓashin kashi busasshe kamar garin gero. Da ya buɗe ɗaya daga cikin hanyoyin sai ga tsutsa fara mai jan kai tana ja da baya. Ya mayar da gawar yadda ya same ta.

A nan ne abin mamakin yake, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin sai an shiga ilimin sinadarai kaɗan. Gashi da ƙaho da kofato da farce duk abu ɗaya ne ya gina su, wani furotin da ake kira keratin. Furotin abinci ne, amma wannan an kulle shi. Zaruruwansa suna ɗaure da juna da ƙulle-ƙullen farar wuta, biyu-biyu, masu yawan gaske. Wannan farar wutar ce ke ba da ƙaurin da ake ji idan ana babbakar kai da ƙafa. Ƙullin ya sa ruwa ba ya narkar da keratin, sinadaran narkar da abinci na cikin ciki kuma ba sa samun inda za su kama shi. Shi ya sa kura, wadda ke narkar da ƙashi, take amayar da gashi da kofato. Shi ya sa mujiya, bayan ta haɗiye ɓera ɗungurungum, take tofar da curin gashi da ƙashi. Shi ya sa kuma ake tono kaburburan Misira na dubban shekaru a tarar da gashin kai yana nan. Halittun da suka iya buɗe wannan kwaɗo ba su da yawa: wasu nau'o'in funfuna da ƙwayoyin bakteriya, da wasu ƙwari masu sulke da ke ɓata kirgi da bandar kifi, da ƙwarƙwatar tsuntsaye, sai dangin asu.

Yadda asu ke yi, masana biyu ne suka fara gano shi a ɗakin bincike na Carlsberg da ke Kopenhagen, Linderstrøm-Lang da Duspiva, a tsakiyar shekarun 1930, daga baya Waterhouse ya faɗaɗa binciken a Ostireliya a shekarun 1950, ƙasar da arzikinta a lokacin ya dogara ga ulu. Tsakiyar hanjin tsutsar wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin, mai kanwa-kanwa, kuma yanayinsa yana tsinke ƙullin farar wutar. Da zarar ƙulli ya kwance, zaren ya warware, sai narkewa ta zama kamar ta kowane abinci. Amma keratin kaɗai ba ya raya tsutsa, domin ba shi da wasu sinadaran bitamin da take buƙata. Tana samun su ne daga dattin da ke jikin gashin: gumi, maiƙo, busasshen jini. Wannan ne dalilin da ya sa asu ke fara cin riga ta wuya da hammata, ya bar wankakkiya. Ruwa kuwa ba ta sha. Tana tatsar shi daga abincin da kansa, ta fitar da kashi busasshe don kada ɗigo ya salwanta. Halittar da ta iya wannan, tsakuwar Dungeness ba za ta gagare ta ba, haka ma ƙasan adaka. Kuma tsutsar ce kaɗai mai ɓarna. Asun adaka da ya yi fiffike bakinsa bai cika ba, ba ya cin komai. Aikinsa barbara da ƙwai, sannan ya mutu. Wanda uwargida ta tafa ta kashe a iska, ya riga ya gama cin abin da zai ci tun yana tsutsa.

Gawa tana da jerin baƙi, kowa da lokacinsa. Ƙudaje ne na farko, cikin mintoci. Tsutsotsinsu su cinye nama, ƙwari masu sulke su biyo baya, asu ya zo a ƙarshe bayan watanni, lokacin da babu sauran danshi. Wani likitan dabbobi na sojan Faransa, Mégnin, ya tsara wannan jeri a littafinsa na 1894, ya kasa shi zango takwas, ya sa asu a zangon kusa da na ƙarshe. Tun kafin shi ma an taɓa kai asu gaban shari'a a matsayin shaida. A 1850, a garin Arbois na Faransa, masu gyaran murhun ɗumama ɗaki suka tarar da busasshiyar gawar jariri a bayan bango. Zargi ya hau kan mazauna gidan na lokacin. Likita Bergeret ya duba ƙwanson ƙudaje da tsutsotsin asu da ke jikin gawar, ya yi lissafi cewa ta kai tun 1848 a wurin, zargi ya koma kan waɗanda suka zauna a gidan kafin su. Masana na yau sun nuna lissafin nasa yana da rauni, domin ya ɗauka kowane ƙwaro sai ya shekara kafin ya rikiɗa. Duk da haka rahotonsa na 1855 na cikin tubalan farko na ilimin gano lokacin mutuwa ta hanyar ƙwari.

Me ya sa bakin teku? Domin teku mahauci ne da ba ya hutu. Guguwar hunturu tana kashe tsuntsaye ta watso su gaɓa, sheƙunansu cike suke da gashi da ragowar kifi, ga zomaye da ke mutuwa a cikin ciyayi, ga ulun tumaki da ke maƙalewa a waya. A Dungeness har tashar nukiliya ta taimaka: ruwan ɗumin da take fitarwa cikin teku ya riƙa tara ƙananan kifaye, su kuma su tara dubban tsuntsaye a wuri guda.  Gaɓar teku kuma ba ta cika daskarewa kamar cikin ƙasa ba, abin da ya dace da ƙwaron da ba ya son sanyi mai tsanani. Ga alama gidajen zamani masu na'urar ɗumama ɗaki sun ba shi wata gaɓar. A 2017 hukumar English Heritage, mai kula da tsofaffin gine-ginen tarihi, ta raba wa jama'a tarkunan asu su kafa a gidajensu, sai aka tarar da wannan mai zane a baya a cikin gidaje fiye da yadda aka zata.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa masu son tsafta daɗi ba. A garuruwan shaƙatawa da yawa na Turai, mota ce ke bi da asuba tana tace bakin teku, ta kwashe duk abin da ruwa ya kawo. Roba da kwalba, a kwashe su, babu gardama. Amma motar ba ta bambance roba da ciyawar teku ko gawar tsuntsu, kuma wannan layin tarkace shi ne kasuwar da ɗaruruwan ƙananan halittu ke ci a cikinta, shi ne kuma takin da tsirran farko ke kafa saiwa a kai. Gaɓar da aka share ƙal kyakkyawa ce a hoto, amma kufai ce. Dungeness ta tsira daga wannan ne saboda doka ta kare ta, kuma saboda babu mai sha'awar shimfiɗa tabarma a kan tsakuwa a gindin tashar nukiliya. Akwai lokacin da kwashe gawa ya zama dole. A 2022 murar tsuntsaye ta afka wa tsuntsayen tekun Birtaniya, aka rufe tsibiran Farne ga baƙi, ma'aikata sanye da rigunan kariya suka tattara gawarwaki dubbai. Wannan annoba ce, hukuncinta daban. Shi ya sa ma dattijon bai taɓa komai da hannu tsirara ba, kuma bai bar ni na taɓa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙidaya. Tun 1968 cibiyar binciken noma ta Rothamsted take da jerin tarkunan fitila a faɗin Birtaniya, ana kunna su kowane dare. Daga wannan taska aka fitar da rahoton 2021 da ya nuna yawan manyan malam-buɗe-littafin dare ya ragu da kashi 33 cikin ɗari tsakanin 1968 da 2017. A lura, manya aka ce. Ƙananan, irin su Monopis, ba sa cikin wannan lissafi. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ke da ɗimbin masu kunna fitila a bayan gida, sai mai karatu ya auna da kansa yadda yake a wurinmu, inda ɗalibin ilimin ƙwari ba ya samun mai duba aikinsa sai in ƙwaron yana cin masara ko yana kawo zazzaɓi. Ba na raina wannan. Yunwa da cuta ba abin wasa ba ne. Amma mun ga abin da ya faru da babban mai share gawa na ƙasarmu. Waɗanda suka kai shekaruna sun tashi sun ga ungulu jere a kan rufin kowace mahauta. Yau sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautar sassan jikinta. Ungulu ke nan, mai girman da ba ya ɓuya, ta ɓace a gaban idonmu kafin mu farga.

Mu ma muna da namu asun gawa, kuma ya fi na Ingila ban mamaki. A dazuzzukan Afirka akwai Ceratophaga vastella, wanda tsutsarsa ke cin ƙahon matattun dabbobi, na ɓauna da gwanki da makamantansu, wato keratin mafi tauri da ake da shi. Wanda ya taɓa tsintar tsohon ƙaho a daji ya ga wasu 'yan bututu masu launin ƙasa sun tsiro a jikinsa kamar saiwoyi, aikinta ya gani. Tana haƙa rami cikin ƙahon, ta haɗa zarenta da kashinta ta gina bututun a waje, ya kare ta daga rana da maƙiya. Danginsa guda a Florida ta Amurka, Ceratophaga vicinella, ba ya cin komai sai ɓawon bayan wani kunkuru mai haƙa rami, bayan kunkurun ya mutu. Gine-gine sun cinye dajin kunkurun, yawansa ya ragu, asun ma ya bi shi.

Kafin mu rabu na tambayi dattijon yadda ɗalibi marar kayan aiki zai fara. Ya ce ba a buƙatar fitila ma. A samo curin aman mujiya daga tsohon gini, ko sheƙar da tsuntsu ya bari, ko ƙahon da ya kwana biyu a daji, a sa a babbar kwalba, a rufe bakinta da yadi mai huda-huda, a rubuta wuri da kwanan wata, a ajiye a inuwa. Bayan makonni ko watanni abin da ke ciki zai fito da kansa ya hau jikin gilashin. Idan ƙaho ne, za a tarar da fankon ƙwanson da ƙwaron ya fito daga ciki maƙale a bakin kowane bututu, rabinsa a ciki rabinsa a waje, ta yadda za a iya ƙirga ko nawa ne suka tashi.